Damin Gyauro

Shekarar da na koma makaranta da furfura a gemu, ita ce shekarar da aka hana gero tsayuwa a Batsari.

Bari in fara da tawa, tunda ita ce mai sauƙi. Ni malamin sakandare ne a Safana, ina koyar da tattalin arziki ga yaran da rabinsu ba su karya kumallo ba. Na daɗe a mataki ɗaya na albashi har matakin ya lotsa, ya ɗauki siffar zamana. Aka ce mini ba mai ɗaga ni sai da digiri na biyu, kuma akwai wata jami'a a birni da take karɓar irinmu lokacin dogon hutu, daga tsakiyar damina zuwa goshin kaka. Na naɗe tabarma, na ƙulle garin rogo da ƙuli-ƙuli, na ɗauki gidan saurona na tafi. Ɗakin da aka zuba mu, daga tsofaffin malamai sai ma'aikatan ƙananan hukumomi, kowa da ciwon gwiwarsa. Sauron wurin kuwa, wallahi na ga wanda ya ɗaga labule da kansa ya shigo.

Darasin da ya fi ba mu wuya na wata farfesa ne, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya, wadda idan ta cire tabarau ka san wani zai sha kunya. Ta ce fanninta shi ne ƙa'idojin da ciniki yake tsaye a kansu, na takarda da na baka, da abin da yake samunsu idan kasuwar duniya ta shigo gari. Ranar farko ta tambaye mu abin da ya sa baƙo zai kawo saniyarsa kasuwa, ya damƙa ta ga fatoman da ba danginsa ba, ya je ya miƙe ƙafa a inuwa. Ta ce duk karatun da za mu yi yana cikin wannan miƙe ƙafar.

Na ɗaga hannu na ce, "Farfesa, mu ai duniya ta daɗe da shigo mana gari, har ta kwana ta yi wanka. An yi yaƙi a ƙasar da ban iya faɗin sunanta ba, buhun taki a Batsari ya hau sama, yanzu sai da tsani ake gaishe shi."

Aji ya yi dariya. Ita ma ta murmusa, ta ce in riƙe bakin nan nawa da kyau, zai yi mini amfani ko ya cuce ni.

Batsari can ne gidanmu, can yayana yake da iyalinsa. Shi bai yi boko ba, noma ya gada. Gonaki biyu mahaifinmu ya bar masa a hannu. Ta gado, babbar, tana can bayan ƙauyen Yasore ta bakin daji. Wannan tun da mutanen daji suka fara ɗauke manoma daga kan kunya aka bar ta, yanzu sabara ce take nomanta. Ɗayar tana bakin gari, in ka tsaya a cikinta kana jin kiran salla. Amma ba tamu ba ce, aro ce. Wani abokin mahaifinmu ne ya ara masa tun kafin a haife ni, kuma da mahaifinmu ya rasu ba wanda ya ce uffan, Yaya ya ci gaba da noma.

Aron gona a wajenmu ba shi da takarda, ba shi da wa'adi. Abin da yake da shi dami ɗaya ne. Duk kaka, in an girbe gero, mai aro zai ɗaure dami ɗaya daga cikin gonar, ya ɗora a kansa, ya bi ta tsakiyar unguwa da rana tsaka-tsakin jama'a, ya je ya sauke a zauren mai gona. Damin ba zai riƙe gida ko na mako ba. Amma duk wanda ya gan shi a hanya ya san gonar ta wane ce, ya kuma san wane ne yake ci a cikinta da yardar mai ita. Kuma a garinmu, mutumin da ya karɓe gonar aro daga hannun magidancin da bai taɓa fashin dami ba, sai ya nemi wani masallacin.

To a shekarar da nake faɗa, masu gari da 'yan sintiri suka zauna suka yanke cewa ba gero, ba dawa, ba masara a duk gonakin da suke kewaye da gari, saboda a cikin dogon kara maharan suke laɓewa har su iso bayan katanga. Ba wanda ya yi musu, kowa yana da wanda ya binne. Sai dai mutum ya shuka abin da bai wuce ƙugu ba. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya bayyana da irin riɗi, ya ce a shuka, da kaka zai dawo ya saye duka, wai daga nan sai tashar jiragen ruwa, daga can sai ƙasashen da rana take fara fito musu. Yaya ya shuka riɗi yana tsaki, yana cewa tun da yake bai taɓa ganin gidan da aka tuƙa tuwon riɗi ba.

Allah da ikonsa riɗin ya yi kyau. Na dawo daga zangon farko na tarar ana kakkaɓe shi a kan tamfol, Yaya yana dariyar da na manta yana da ita. Ya sayar, ya sayi gero da dawa daga hannun 'yan kasuwa ya cika rumbu, abin da ya gagara tun da aka bar gonar daji.

Sai maganar dami ta taso. Gero babu. Riɗi kuwa ba ya ɗaukar dami, in ka ɗaga shi a ka, kafin ka kai bakin titi ya tsiyaye, sai ka isa da itace. Yaya ya zauna ya yi tunani irin na mutumin kirki. Ya ce, "Shekara da shekaru muna kai wa mutanen nan abin da bai isa akuya ba. Bana Allah ya buɗa, bari su ma su ɗanɗana." Ya ware buhu guda cur na riɗi, aka ɗaure a bayan babur, aka kai. Tsoho mai gonar, abokin mahaifinmu, yana kwance ba lafiya a lokacin, sai babban ɗansa, wanda mahauci ne a kasuwa, ya karɓa ya shigar cikin gida. Ni kuwa har kirari na yi wa Yaya, na ce da irinsa goma a ƙasar nan da talauci ya nemi fasfo.

Damina ta zagayo, Yaya ya sake shuka riɗi, ni kuma na koma zango na biyu. A wannan zangon farfesa ta ce kowa ya tashi gaban aji ya kawo wata ƙa'ida ta garinsu wadda ba a rubuta ba, ya faɗi yadda ta yi da kasuwar duniya ta taɓa ta. Wani ya kawo adashi, wani ya kawo gayya. Ni na ce ai nawa a aljihu yake. Na tashi na zuba musu labarin aron gona, na sa gishiri, na sa yaji. Na ce a garinmu al'ada da kasuwar duniya sun yi aure ba tare da an kai ruwa rana ba: da ana kai dami, yanzu ana kai buhu, kowa ya ci riba. Na ce buhun da yayana ya kai, sai da babur ɗin ya yi salati kafin ya tashi.

Aka yi ta tafi. Sai na ga ta cire tabarau.

Da Turanci ake darasin, amma idan tana son magana ta shiga mutum sai ta juyo Hausa. Ta ce, "Malam, damin nan na da, in an kai shi kasuwa, me zai saya?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ko cefanen yini ba zai yi ba."

"Buhun fa?"

"A'a, buhun ai babba ne. Buhun zai aurar da bazawara."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni ban san garinku ba, kuma Allah ya sa ba haka abin yake a can ba. Amma a wurare da yawa, da gangan ake kai abin da ba shi da daraja a kasuwa, don kada kowa ya ɗauka biya ne. Ƙaramin abu yana cewa, na san naka ne, na gode. Babban abu yana cewa, ga haƙƙinka, mun rabu. Wanda ya biya ɗan haya ne. Ɗan haya kuwa, idan wani ya zo ya fi shi biya, a tashe shi ba rashin mutunci ba ne, ciniki ne." Ta mayar da tabaranta. "Kuma yayanka ya nuna wa masu gonar abin da take iya haifarwa. Waye ya ga buhun a hanya?"

Na ce a bayan babur aka kai shi.

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya hana ni cin garin rogona. Na buga wa Yaya waya, layin Batsari kuwa a lokacin sai ka hau bishiya ka yi alwala kafin ya shiga. Da Juma'a ta zo na tattara jakata, har da gidan sauron, don a ɗakinmu in ka bar abu ya yi ƙafa, na kama hanya. Na biya ta Safana na leƙa iyalina, da safe na hau a-kori-kura mai bi ta Runka. An loda mu kamar buhunan albasa, wani dattijo da kajinsa a cinyata, ana ta gardamar farashin mai. Muna wuce Runka direba ya kashe rediyo. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma har kajin suka yi. Hagu da dama gonaki ne da ciyawa ta cinye, ga kunyoyin shekarun baya suna nan a ƙarƙashinta kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya. Ni da ko a gidan makoki sai an harare ni, ban buɗe baki ba sai da muka hango rufin kwanon Batsari.

Matar Yaya na fara tararwa tana tankaɗe a tsakar gida. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta.

Ta ce, "A'a, ga mijin da ba cefane! An koro ka ne, ko karatun ya ƙare a kanka?"

Na ce, "Matata, kewarki ce ta hana ni gane karatu. Ina tsohon mijin naki?"

Sai ta ajiye rariyar. Ta ce yana gona, kuma kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Ta ce a makon da ya wuce an ga mahaucin nan, ɗan mai gona, tare da ɗan kasuwar riɗi suna zagaya iyakar gonar, ɗan kasuwar yana dunƙula ƙasa a hannu yana shinshinawa.

Na tarar da Yaya a tsugune cikin riɗi yana cire ciyawa da hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyali da karatu da hanya, duk bai ɗago ba. Sannan ya ce, "Mahaucin ya zo har gida ya gaishe ni. Gaisuwa mai tsawo, irin wadda ka san da kaya a bayanta. Ya ce in an kwashe amfanin bana za mu zauna a duba maganar hayar." Ya jefar da ciyawar hannunsa. "Haya ya ce, Malam. Tun da uwarmu ta haife ni ban taɓa jin an kira gonar nan haya ba."

Na zauna a kan kunya na faɗa masa abin da farfesa ta ce. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Wato alherin ne ya zama laifi."

Na ce ba laifi ba ne, amma ya sauya wa abin suna. Na ce mafita ɗaya ce, bana a kai dami, a ka, da rana, kowa ya gani, kafin a yi zaman da ake faɗa. Na ce in ya so mu aika ƙauyen Karare a sayo mana dami mai kyau, wanda sai ƙarti biyu sun kama.

Ya dube ni kamar na zagi kabarin mahaifinmu. "Tsohon idonsa ne ya tafi, ba hankalinsa ba. Duk garin nan an san ba gero a gonar nan. In ɗauko ƙarya a kaina in bi ta gaban masallaci? Damin aro daga cikin gonar yake fitowa, in ba haka ba kara ne kawai."

Can ya ce, kamar mai jin kunya, sai dai gyauron matarsa.

Ashe da bazara matar tasa ta sa an kwaso sharar gida da ƙaiƙayi an zuba a kusurwar gonar ta gabas don taki. Da ruwa ya sauka, 'yan ƙwayoyin geron da suka ɓuya a ciki suka tsiro da kansu, shi ne gyauro. Yaya ya so ya tuge, ta ce a kan gawarta, yaranta sun yi shekara biyu ba su gasa tumu ba. Muka je na gani. 'Yan karare ne da ba su cika a kira su shuka ba, sun fara fitar da kai amma da sauran makonni kafin su nuna. Kuma sun riga sun ɗara riɗin tsawo. Yaya ya ce shugaban 'yan sintiri ya yi masa magana sau biyu, har shi Yaya ya yi alkawarin sarewa gobe.

Shugaban 'yan sintirin tela ne, a bakin kasuwa kekensa yake. Ƙaninsa na cikin waɗanda aka ɗauke a gona ba su dawo ba. Na same shi da niyyar in zuba masa baki har ya manta sunansa, amma ya tare ni. Ya ce, "Malam, ba ƙiyayya ba ce. Kara ɗaya in na bari, gobe kowa ya ce nasa ma ɗaya ne. Jibi mu wayi gari da daji a bayan katanga." Na faɗa masa abin da ke kan gonar. Ya daɗe yana murza zare a yatsa. Ya ce, "Ni dokar da aka ba ni ta tsawo ce. Abin da bai wuce riɗi ba, ban gan shi ba."

Da wannan na koma. Washegari da sanyin safiya, lokacin da kara yake da laushi, muka saro 'yan gwafanni, muka dinga tanƙwaso karan a hankali muna danne shi ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana lallashinsu kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Biyu suka karye, duk sau biyun sai da ya yi salati. Da muka gama, geron nan ya yi ruku'u gaba ɗaya a cikin riɗi, ko ka zo wucewa ba za ka ce yana nan ba.

Saura tsuntsaye. Da yake shi kaɗai ne gero a duk kewayen garin, labarinsa ya kai har Nijar. Na rantse na ga tsuntsun da ya zo da iyalinsa da surukansa. Matar Yaya ta ce sai an rufe kawunan, ta dubi jakata ta ce, "Mijin banza, ko yau za ka yi amfani? Kawo gidan sauron nan." Aka yayyanka shi aka ɗaure wa kowane kai hularsa.

Haka na koma birni ba gidan sauro. Makonnin jarrabawa sauro ya ci ni har ya bar saura don gobe. Amma ba sauron ne ya hana ni sukuni ba. Ina karanta yadda ƙasashe suke buɗe iyakokinsu ga ciniki, hankalina yana kan 'yan karare da suke kwance a ƙarƙashin gwafa. Gidan Yaya cike yake, ga nasa, ga matar ɗan'uwanmu da ta gudo daga ƙauye da 'ya'yanta. In gonar nan ta tafi, ban san inda za su dosa ba, kuma albashina ko gidana bai gama zagayawa ba.

Ranar da na ajiye alƙalami na kamo hanya. Na tarar an yanke kawunan, sun bushe a kan rufin ɗaki. Da aka haɗa aka ɗaure, damin bai fi tsintsiya kauri ba. Matar Yaya ta kalle shi, ta kalli yaran da suka yi ta jiran tumu, ta shige ɗaki.

Bayan la'asar Yaya ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya naɗa gammo, gammo sosai irin na ɗaukar babban kaya, ya ɗora a ka, ya aza 'yar tsintsiyar geron a kai. Na ce, "Yaya, wannan ai a aljihu ma za ta shiga." Ya ce, "A ka ake kaiwa." Ya fita, na bi shi a baya.

Bai bi ta lungu ba. Ya bi ta gaban masallaci, ya bi ta rumfar mahauta inda ƙugiyoyi suke rataye ba nama, ya bi ta majalisar masu shayi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Sannu da kaya, a taimaka a sauke maka?" Aka kwashe da dariya. Yaya bai waiwaya ba. Sai wani dattijo a majalisar ya ce, "Damin aro ne." Dariyar ta mutu. Wasu suka tashi suka biyo mu daga nesa.

Tsohon yana zaure a kan buzu, an jingina shi da bango, yana tari irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ɗansa mahaucin yana gefe. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi gida da yara da masu jiki, ya yi wa mahaifinmu addu'a. Sannan Yaya ya sauke damin a gabansa ya ce, "Baba, ga na bana."

Tsohon ya laluba ya ɗauka. Ya auna shi a hannu, ya murza kai ɗaya a tafinsa, ya kai hanci.

"Wanga na ina ne?"

"Na gonarku ne, Baba. Gyauro ne, daga kusurwar gabas."

"Bara me ya hana?"

"An hana gero, Baba."

"An hana gero." Ya yi tari. "An hana ka ƙafa ma? Ni buhu ban gan shi ba, labarinsa na ji. Na ce to, ɗan abokina ya zama attajiri, ya biya mu ya huta."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku gafarce ni, Baba. Na ɗauka kyautatawa ce."

Na zo da jawabi a cikina, na shirya shi tun daga birni, da misalai da komai. Kafin in buɗe baki mahaucin ya gyara zama ya ce, "Baba, ku yi mini izini." Muryarsa ba ta faɗa ba ce. "Ni ban ƙi Yaya ba, tare muka tashi. Amma kasuwar shanu a rufe take, rabon da in rataye ko ƙafar akuya har na manta. Gonarmu ta daji mu ma ta tafi. Ku dubi bakunan da ke cikin gidan nan. Buhun da ya kawo, shi muka sayar muka ci har azumi. Ɗan kasuwar riɗin nan ya ce zai karɓi gonar haya, abin da zai bayar zai riƙe mu. Ni ma 'ya'ya gare ni, Baba."

Jawabina ya ƙi tashi, kamar babur ɗin da ruwa ya shiga. Da mugu ne da na san abin da zan ce masa. Amma rigar jikinsa ta fi ta Yaya faci.

Tsohon ya daɗe yana juya damin a cinyarsa. Mutane sun cika bakin zaure, ba mai motsi. Can ya ce, "Akwai gawo a tsakiyar gonar, ko an sare shi?"

Aka ce yana nan.

"Daga gawon zuwa gabas, inda wanga ya fito, aro ne. Muddin ina numfashi aro ne, ku shaida. Daga gawon zuwa yamma, kai ka san yadda za ka yi da shi, ka ciyar da gida." Ya juyo wajen da yake jin numfashin Yaya. "Kai kuma kada a sake kawo mini buhu. In Allah ya ba ka abin da za ka taimaki ƙanenka, ka ba shi wata rana daban, ba ranar dami ba."

Aka shafa fatiha. Kowa a zauren ya san yammacin gawon ya fi girma, kuma can ne ƙasar take da ƙarfi. Gabas jigawa ce. A hanyar komawa Yaya yana riƙe da gammonsa a hannu, na ce ai ko ba komai gobe za a ba da labarin damin da ya fi kowane ƙanƙanta a tarihin Katsina. Ya ce, "Bari, Malam." Na bari.

Da na koma karɓar sakamako na ba farfesa labarin yadda aka ƙare. Na zaci za ta ji daɗi maganarta ta fito. Ba ta cire tabarau ba, ba ta kuma murmusa ba. Ta ce, "Tsohon, yaya ƙarfin jikinsa?" Na ce sai a hankali. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya ƙara masa lafiya, ta ci gaba da tattara takardunta.

Na sami digirin. Matakin albashin ma ya zo daga baya, ya tarar tsadar kaya ta riga shi zama a kujerar. Rabin gonar ba ya kai gidan Yaya ko tsakiyar rani, don haka idan damina ta yi tsaka yakan tsallaka gawon da fartanyarsa ya yi wa ɗan kasuwar riɗi ƙwadago, a kan kunyoyin da mahaifinmu ya tayar. Shi da mahaucin suna gaisawa, har Yaya yakan aika masa da ɗan abin da ya samu, a ranar da ba ta dami ba. Kusurwar gabas kuwa yanzu da gangan ake zuba mata ƙaiƙayi, kuma gwafannin suna nan a ajiye a bayan rumbu.

Ni kuma na sami sabon hali. Duk lokacin da layi ya shiga na sami gida, kafin in tambayi yara, kafin in tambayi ko an kwana lafiya a gari, sai na ce yaya tarin Baba. Rannan matar Yaya ce ta ɗauka. Ta ce, "Kai da tsohon nan kamar kai ka haife shi. Ni matarka ba za ka tambayi lafiyata ba?"

Na ce, "Ke ai ƙarfe ce, sai kin binne mu duka. Yaya tarin?"

Ta ce, "Jiya dai bai fito zaure ba."